"Oda ce daga sama": Shin wannan maganar tana wanke soja daga alhakin jini?

Duk ranar da aka wayi gari da labarin sojoji sun buɗe wuta a kan fararen hula, ko jirgi ya saki bam a kan taron da ba na 'yan bindiga ba, muhawarar da ke biyowa a majalisu da shafukan sada zumunta kusan iri ɗaya ce. Wasu su ce soja bawan oda ne, in an ce harba sai ya harba, don haka a nemi wanda ya ba da umarnin. Wasu kuma su ce ai duk wanda ya sa kaki ya ajiye imaninsa a ƙofar bariki. To idan soja ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, sannan ya ce umarni aka ba shi, ko ya ce a ruɗe yake, a wuyan wa jinin yake? Doka tana da amsa, kuma amsar ta fi tsauri a kan ƙaramin soja fiye da yadda mutane suke zato. Sai dai likitocin soja da masu binciken halayyar ɗan'adam sun ƙara wani abu da doka ba ta cika faɗa ba: ƙarfin da mutum zai iya tsayawa da shi ya ce a'a, tun watanni kafin ranar ake gina shi ko a rusa shi, kuma manya ne suke yin ginin ko rusau ɗin.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Kisan farar hula a hannun soja yakan zo ta ɗaya daga hanyoyi uku, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuskuren ganewa. Soja ya ɗauka abokin gaba ne, ashe manomi ne da fartanya a kafaɗa. A nan tambayar da kotu ke yi ita ce ko ya yi iya taka-tsantsan da halin da yake ciki ya ba shi dama. Akwai kuma aiwatar da umarnin zalunci: ya san mutanen nan ba mayaƙa ba ne, amma an ce ya harbe su, ya harbe. Na uku shi ne ramuwar gayya, wadda ba wanda ya ba da odarta a fili. An kashe abokinsu jiya a kwanton-ɓauna kusa da wani ƙauye, yau sun shiga ƙauyen da zuciya a wuya.

Dokar yaƙi, wato yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977, waɗanda Najeriya da Nijar duk sun amince da su, ta ɗora wa mai riƙe da makami nauyi uku. Ya bambance mayaƙi da farar hula, kuma in ya yi shakka, ya ɗauki mutum a matsayin farar hula. Ya auna, kada ɓarnar da za ta shafi fararen hula ta zarce amfanin da harin zai kawo a fagen daga. Sannan ya yi taka-tsantsan, har da dakatar da harin da aka riga aka fara idan ta bayyana cewa abin da ake hari ba na soja ba ne. Wanda ya ajiye makami, ko ya ji rauni, ko aka kama shi, ya fita daga cikin waɗanda ya halatta a harba, ko da minti biyar da suka wuce shi ne yake harbi.

Abin da doka ta ce game da oda

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hafsoshin Jamus da aka gurfanar a Nuremberg sun so su fake da cewa umarni suka bi. Dokar da ta kafa kotun a 1945 ta toshe wannan ƙofa: bin umarni ba ya wanke mutum, iyaka ana iya duba shi wajen sassauta hukunci. Dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta zo da sharuɗɗa uku a sashe na 33, kuma sai sun cika gaba ɗaya kafin oda ta zama kariya: doka ta wajabta wa mutumin bin wanda ya ba shi odar, bai san odar haramtacciya ba ce, sannan haramcinta bai fito fili ba. Umarnin kisan ƙare-dangi ko cin zarafin bil'adama kuwa, dokar ta ce haramcinsa a fili yake, ba a ma tsaya jayayya.

Wannan sharaɗi na uku shi ne ƙashin bayan maganar. Ba a tsammanin kofur ya zama lauya. Idan aka ce ya harba roka a kan wani tudu saboda bayanan sirri sun nuna akwai mayaƙa, ba shi da hanyar tantancewa, kuma doka ba ta kama shi in bayanan sun zama ƙarya. Amma idan aka jera mutane a ƙasa, hannuwansu a ɗaure, aka ce ya harbe su, duk mai hankali ya san wannan kisan kai ne. Kotun Ƙolin Najeriya ta tsaya a kan haka tun 1972, a shari'ar Pius Nwaoga, wani hafsan Biyafara da ya jagoranci kisan wani mutum marar makami lokacin yaƙin basasa, ya ce umarnin na gaba da shi ya bi. Kotu ta tabbatar da hukuncin da aka yanke masa.

Idan kuma an ce masa in bai harba ba shi za a harbe fa? An yi irin wannan shari'a. Drazen Erdemovic, ƙaramin soja a rundunar Sabiyawan Bosniya, ya amsa cewa ya harbe mutum kusan 70 a kisan Srebrenica na Yulin 1995, ya ce an ba shi zaɓi ne, ko ya yi harbi ko ya shiga layin waɗanda za a harbe. Kotun ɗaukaka ƙara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a 1997 cewa tilas ba ta zama cikakkiyar kariya ga kisan marasa laifi. An rage masa hukunci zuwa shekara biyar, amma ba a wanke shi ba.

Mai karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malamai sun haɗu a kan cewa tilastawa ba ta halatta wa mutum ya kashe wani don ya tsira da ransa. Kuma a Bukhari akwai labarin Abdullahi ɗan Umar a yaƙin Banu Jazima, lokacin da Khalid ɗan Walid ya umarci kowa ya kashe fursunan da ke hannunsa. Ɗan Umar ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe a cikin mutanensa. Da labari ya isa ga Annabi (SAW), sai ya ɗaga hannu ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata. Masu kafa hujja da "bin na gaba bin Allah ne" sukan manta da ɗaya rabin, cewa biyayya a cikin abin da yake daidai ce kawai.

Nauyin bai tsaya a ƙasa ba. Sashe na 28 na Dokar Roma ya kama kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa yaransa suna aikata laifi amma bai hana ba, bai kuma hukunta ba. Kau da kai ma laifi ne.

Oda mai haɗari daban, oda ta haram daban

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Soja ba shi da haƙƙin ƙin oda don tana da haɗari, ko don yana ganin kwamanda ya yi wauta. Dokar Rundunonin Sojan Najeriya tana hukunta ƙin bin halastaccen umarni, kuma bore a gaban abokan gaba yana iya kai mutum ga hukuncin kisa.

A Mayun 2014, sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri sun harbi motar kwamandan Runduna ta 7 bayan an kawo gawarwakin abokansu da aka yi wa kwanton-ɓauna. A Satumba kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka sake yanke wa wasu 54 irin hukuncin saboda sun ƙi fita yaƙin ƙwato wasu garuruwan Borno, suna cewa ba a ba su kayan faɗa da za su tunkari Boko Haram ba. A Disambar 2015 rundunar ta mayar da hukuncin mutum 66 zuwa ɗaurin shekara goma.

A idon doka, odar da suka ƙi halastacciya ce. Amma wanda ya tura mutum gaban wuta da harsashi ƙirge, shi ma yana da tambayar da zai amsa, kuma ita ba a cika kafa mata kotu ba. Sojan da ya yarda cewa manyansa sun sayar da shi, yakan daina ganin dalilin kiyaye kowace ƙa'ida, har da wadda ke kare farar hula.

Safiya ɗaya a My Lai

Babu misalin da makarantun soja suka fi nazari kamar abin da ya faru a ƙauyen My Lai na Biyetnam ranar 16 ga Maris, 1968. Wani rukunin sojojin Amurka, wanda ake kira Charlie, ya yi wata uku a ƙasar. Nakiyoyi da maharba daga ɓoye suna ta cin mutanensu, su kuma ba su taɓa ganin abokin gaba ido da ido ba. Kwana biyu kafin ranar, nakiya ta kashe wani saje da suke ƙauna. Da yammacin 15 ga wata, bayan addu'ar mamaci, Kyaftin Ernest Medina ya tara su ya yi musu bayanin aikin gobe, aka faɗa musu cewa mutanen kirki duk za su tafi kasuwa, wanda aka tarar a ƙauyen maƙiyi ne.

Da suka sauka, ba wanda ya harbe su. Mata ne da tsofaffi da yara, wasu suna dafa shinkafar safe. Cikin 'yan sa'o'i aka kashe mutum 347 a ƙidayar sojan Amurka, 504 a ƙidayar Biyetnam. An tara da yawa a wani kwalbatin ban-ruwa, Laftanar William Calley ya ba da oda aka yi musu ruwan harsashi. Shaidu sun faɗa daga baya cewa ɗaya daga cikin masu harbin yana harbi yana kuka. Wasu kaɗan sun ƙi ɗaga bindiga, kuma ba a harbe ko ɗaya daga cikinsu ba.

A sama akwai ƙaramin jirgi mai saukar ungulu na leƙen asiri, matuƙinsa Hugh Thompson, ɗan shekara 24, tare da Lawrence Colburn da Glenn Andreotta. Da ya ga sojoji sun nufi wani rami da mutane suka ɓuya, sai ya sauke jirgin a tsakaninsu, ya ce wa masu bindigarsa in sojojin nan suka harbi mutanen, su buɗe musu wuta. Ya fito da mutum kusan goma, ya kira manyan jirage suka kwashe su. Andreotta ya shiga cikin gawarwakin kwalbatin ya ciro wani yaro da ransa. Thompson ya koma sansani ya kai rahoto cikin fushi, aka ba da umarnin tsayar da wuta.

An rufe maganar fiye da shekara guda, sai a Nuwambar 1969 ta fasu a jaridu. Calley kaɗai aka samu da laifi, a 1971, kan kisan mutum 22. An yanke masa ɗaurin rai da rai, amma abin da ya yi bai wuce shekara uku da rabi ba, yawanci a tsare a gida. Thompson kuwa ya sha zagi da barazanar kisa, sai a 1998, bayan shekara 30, aka ba shi lambar yabo.

Abin lura shi ne, duk waɗannan mutane horo ɗaya suka samu, tuta ɗaya suke yi wa aiki. Thompson ya bambanta da na ƙasa ta wasu fuskoki da za a iya nunawa da yatsa: ba ya ƙarƙashin Calley, ba ya cikin taron jiya da aka zuga su, ba abokinsa aka binne ba, kuma yana kallo daga nesa inda ake ganin hoton gaba ɗaya. Wannan bai rage masa jarumta ba. Yana dai nuna wuraren da runduna za ta gyara idan tana son samun irinsa da yawa.

Abin da matsi ke yi wa hankali

Idan mutum ya ji ransa na cikin haɗari, jiki yana sakin sinadaran da ke shirya shi don faɗa ko gudu. Zuciya ta hau bugu, jini ya koma manyan tsokoki, yatsu su rasa laushin aiki. Gani yakan tsuke ya zama kamar ana leƙe ta bututu, kunne ya daina ɗaukar wasu sautuka, har mutum ya kasa jin ana ce masa tsaya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne fushi, shi ne yake fara yin rauni. Abin da ya rage shi ne abin da aka maimaita a horo, da kuma abin da mutum ya riga ya sa a ransa zai gani.

Wannan na ƙarshe ya fi kowanne haɗari. Ranar 3 ga Yuli, 1988, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes yana musayar wuta da ƙananan jiragen ruwan Iran a Tekun Fasha, sai na'ura ta nuna jirgin sama ya taso daga garin Bandar Abbas na Iran. Shekara guda kafin nan, makami mai linzami ya kashe sojojin ruwan Amurka 37 a wani jirgin a tekun, kowa yana tuna haka. Cikin minti bakwai aka kakkaɓo shi. Jirgin fasinja ne mai zuwa Dubai, mutum 290 suka mutu, 66 yara ne. Da aka duba bayanan kwamfutar jirgin ruwan, sai aka ga ta rubuta daidai: jirgin saman yana hawa ne. Amma ma'aikatan ɗakin sun yi ta ba kyaftin rahoton cewa yana saukowa kamar mai shirin kai hari. Sun ga abin da suke tsoro, alhali allon da ke gabansu yana nuna akasinsa.

Sai rashin barci, wanda a bariki ake ɗauka alamar jarumta. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa yana faɗuwa daidai da na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi, in ya kai awa 24 kuwa ya ninka haka. Ba wanda zai miƙa wa mashayi bindiga ya tsayar da shi a shinge, amma ana yin haka da wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Kuma marar barci ba ya sanin ya lalace, yana jin kansa garau.

Tsawon zama a fagen daga ma yana da iyaka. Likitocin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu sun kiyasta cewa bayan kwana 200 zuwa 240 na gumurzu, kusan kowane soja ya daina amfanuwa, komai taurin zuciyarsa. Turawan Ingila da suke yawan janye mutanensu su huta sun fi daɗewa. A 2006 wata tawagar likitocin ƙwaƙwalwa ta yi wa sojojin Amurka a Iraƙi tambayoyi ba tare da rubuta suna ba. Kashi 47 cikin 100 ne kawai na sojan ƙasa suka yarda cewa dole a mutunta farar hula, kusan ɗaya cikin goma ya amsa ya taɓa dukan farar hula ko lalata dukiyarsa ba dalili, kuma masu fama da fushi ko damuwa sun fi sauran aikata haka. Saboda haka idan sojoji suka yi ƙorafin sun shekara da shekaru a daji ba a canza su ba, kamar waɗanda suka yi zanga-zanga a filin jirgin Maiduguri a Agustan 2018, maganar ta wuce jin daɗinsu. Ta shafi lafiyar duk ƙauyen da za su shiga gobe.

Nisa bai magance komai ba

An yi zaton jirgi marar matuƙi zai rage irin waɗannan kurakurai, tunda mai sarrafa shi yana zaune a ɗaki mai sanyi, ba a harbinsa. Tsoron mutuwa ya ragu, amma matsin ya canza kama: tsoron a ce ka ga maƙiyi ka bar shi ya wuce.

Ranar 29 ga Agusta, 2021, kwana uku bayan harin ƙunar-baƙin-wake a filin jirgin Kabul, Amurkawa sun bi wata farar mota da kyamara na tsawon awa takwas. Duk abin da direban ya yi sai a fassara shi da shirin hari. Jarkokin ruwa da ya loda aka ɗauka bama-bamai ne. Aka harba makami, mutum goma 'yan gida ɗaya suka mutu, bakwai yara. Binciken rundunar ya amsa cewa masu kallon sun riga sun yanke hukunci, sauran awannin neman abin da zai gaskata su kawai suka yi.

A Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan ƙasa marar matuƙi ya kai hari a kan masu Maulidi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya sauka ne a kan masu ɗaukar gawarwaki. Rundunar ta amsa kuskurenta, a Mayun 2024 kuma hedikwatar tsaro ta ce hafsoshi biyu za su fuskanci kotun soja. A Rann ta jihar Borno, inda jirgin yaƙi ya saki bam a kan sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017, bayanin da sojoji suka bayar shi ne sansanin ba ya cikin taswirar da ake aiki da ita. Daga sama, da dare, taron zikiri da taron 'yan bindiga duk ɗigo-ɗigon zafin jiki ne a allo. Abin da ke raba su shi ne majiya ta biyu daga ƙasa, da sanin kalandar mutanen yankin, da kuma wani a cikin ɗakin wanda aikinsa shi ne ya ce: in ba su ba ne fa, me za mu gani daban?

Yadda ake ƙin oda ba tare da bore ba

Rundunonin da suka ɗauki abin da muhimmanci suna koyar da shi a aikace, kamar yadda ake koyar da kwance bindiga. Ƙaramin soja ya fara da neman a maimaita odar a fayyace: "Ranka ya daɗe, kana nufin in harbe waɗannan da ke ɗaure?" Yawancin umarnin zalunci a dunƙule ake ba da shi, irin su "ku gama da su" ko "ka san abin da za ka yi", domin mai bayarwa ya samu wurin zamewa gobe. Tilasta shi ya faɗa da baki, a gaban shaidu ko ta rediyo inda ake rubuta saƙonni, sau da yawa ya isa ya janye. Idan ya nace, sojan ya faɗi dalilinsa a gajarce, ya ce ba zai aikata ba, cikin ladabi, bakin bindiga a ƙasa, ba tare da zuga sauran su juya wa kwamanda baya ba. Sannan ya riƙe lokaci da wuri da sunayen waɗanda suke nan, ya kai rahoto ga na gaba, ko 'yan sandan soja, ko lauyan runduna.

Faɗar wannan a takarda ya fi aikata shi sauƙi, ba shakka. Shi ya sa horon da ya fi tasiri shi ne wanda kwamandan rukunin da kansa yake jagoranta, yana kawo misali yana tambayar yaransa me za su yi. An gwada haka da wata rundunar Amurka a Iraƙi tsakanin 2007 da 2008, aka ga cin zarafin farar hula ya ragu, shirin kai rahoton abokin aiki ya ƙaru. Lacca daga baƙon da ya zo da takardu daga hedikwata ba ta yin wannan aikin.

Bayan an dawo gida

Ciwo biyu ne sukan biyo soja gida, kuma ana yawan ɗaukarsu abu ɗaya. Na farko ciwon firgici ne, wanda likitoci suka sa a kundin cututtuka a 1980: mafarkin abin da ya faru, zabura idan an buga ƙofa, ƙin zama inda baya ke fuskantar hanya. Tushensa tsoro ne. Na biyu shi ne abin da za a iya kira gyambon zuci, wanda likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay ya bayyana a shekarun 1990 daga aikinsa da tsofaffin sojojin Biyetnam. Tushensa kunya ce da nadama da jin an ci amana. Mutum ya aikata, ko ya gani ya yi shiru, ko manyansa sun jefa shi cikin abin da ya saɓa wa tarbiyyarsa. Irin wannan yakan daina zuwa masallaci ko coci don yana ganin bai cancanta ba, ya ƙi ɗaukar ɗansa, ya faɗa shaye-shaye. Usama ɗan Zaid, bayan ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi kuma Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa tambaya a kai, ya ce har ya yi fatan a ce sai a ranar ya musulunta.

Ce wa mai gyambon zuci "ai ba laifinka ba ne" ba ya warkar da shi, domin wani lokaci ya san akwai nasa a ciki. Abin da ke taimakawa shi ne ya samu wanda zai saurari labarin gaba ɗaya ba tare da ya zabura ba, a raba masa nauyin da gaskiya, wanne nasa wanne na wasu, sannan a buɗe masa hanyar tuba da gyara. Sojojin ruwan Ingila sun ɓullo da tsarin da abokan aiki da aka horar suke zama da mutum kamar kwana uku bayan mummunan abu, su sake dubawa bayan wata guda, wanda bai farfaɗo ba a kai shi ga likita. Ga iyali kuwa, idan mutum ya fara rabar da kayansa, yana cewa gara ba ya nan, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, a nisanta shi da makami, a kai shi asibiti a ranar.

Wajen bariki

Wanda bai taɓa sa kaki ba kada ya ɗauka ya tsira. A gwajin Stanley Milgram, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, na farkon shekarun 1960, mutanen gari ne aka ce su danna wa wani wutar lantarki suna ƙarawa, yana ihu, mai gudanar da gwajin yana cewa su ci gaba. A zagayen da aka fi sani, 26 cikin 40 sun kai ƙarshen ma'auni, bolt 450. Wutar ta ƙarya ce, amma su ba su sani ba. Da aka sa wasu biyu a gefensu suka ƙi ci gaba, sai yawancin mutane su ma suka tsaya. Ma'aikaciyar jinya da likita ya rubuta mata allurar da ta wuce kima, akawun da aka ce ya sa hannu a takardar aikin da ba a yi ba, matashin da ya tarar da taro ana ihun ɓarawo, duk suna tsaye a wurin da kofur ɗin yake tsaye: ga na gaba, ga gaggawa, ga jama'a suna kallo. Kamfanonin jiragen sama sun koyi darasin da tsada a Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu bayan wani babban matuƙi ya taso ba da izini ba, na ƙasa da shi suka nuna shakka amma ba su nace ba. Daga nan aka fara horar da ƙanana su yi magana da ƙarfi, manya kuma su saurara.

Akwai kuma wurin da farar hula ke haɗuwa da wannan matsin fuska da fuska, wato shingen bincike da dare. Ƙa'idar da ake koya wa soja hawa-hawa ce: ya yi tsawa ko ya haska fitila, ya nuna makami, ya tare hanya, harbi ne na ƙarshe. Amma motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya hango ta a mita 100, ƙasa da daƙiƙa biyar yake da su ya bi duk waɗannan matakai, ga fitila ta kashe masa ido, wataƙila kuma bai yi barci ba tun shekaranjiya. Direban da ya rage gudu tun daga nesa, ya sauke manyan fitilu, ya kunna ta cikin mota, ya kashe waƙa, ya bar hannuwansa a kan sitiyari har a yi masa magana, ya mayar da daƙiƙa biyar ɗin nan ashirin ko talatin. Kada ya kai hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera neman takarda sai an ce ya kawo, kuma in zai ɗauko, ya faɗi inda take tukuna.